Bahar Rum, Karibiyan ko Norwe: wane teku ya dace da hutunka na farko a jirgin ruwa?

Wanda bai taɓa yin hutu a jirgin ruwa ba, idan ya buɗe shafukan kamfanoni, zai ga kamar abu ɗaya ake ta tallatawa: farin jirgi mai hawa goma sha wani abu, shuɗin ruwa, kwana bakwai, ci da makwanci duk a cikin kuɗin tikiti. Sai ya tsaya a kan farashi, ya ɗauki mafi araha ko wanda hotonsa ya fi ɗaukar ido. Daga nan da-na-sani take somawa. Hanyoyi ukun da sababbin matafiya suka fi rasa wadda za su ɗauka a cikinsu, wato Bahar Rum, tsibiran Karibiyan da mashigan tekun Norwe, ba haja ɗaya ba ce. A Bahar Rum garuruwa kake saya, jirgin kuwa masauki ne da ke tafiya da kai. A Karibiyan jirgin kansa kake saya, tsibiran gyara ne. A Norwe abin da idonka zai gani daga kan jirgin shi kake biya wa kuɗi. Wanda ya gane haka tun da wuri ya san inda zai saki hannu da inda zai matse.

Abin da za a auna da shi

Kuɗi tukuna, amma kuɗin gaskiya. Farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin cewa ku biyu ne a ɗaki. Wanda zai tafi shi kaɗai sau da yawa kusan ninki biyu zai biya, sai in ya dace da jirgin da ke da ɗakunan mutum ɗaya. A kan wannan za a ɗora kuɗin tasha da haraji, sannan tukuicin ma'aikata, wanda manyan kamfanonin Amurka ke cira kai tsaye daga asusun fasinja, tsakanin dala 16 zuwa 20 kowace rana a kan kowane mutum. Mata da miji da suka yi mako guda za su tarar da sama da dala 200 a takardar bashinsu ba tare da sun sayi komai ba. Lemon kwalba, kofi na musamman, intanet, wankin tufafi da fita yawo a garuruwa duk da kuɗinsu daban. Ka haɗa da tikitin jirgin sama, biza, inshora da otal na dare ɗaya kafin tashi. Wannan jimillar ita ake aunawa.

Na biyu shi ne sauƙi: bizar ƙasa nawa ake buƙata, yaya nisan tasha da abin da aka zo gani, kuma wace irin gajiya mutum zai kwasa. Maganar biza ta fi komai yanke hukunci, domin kamfanin jirgi ba ya nema maka, kuma idan ka iso tasha babu cikakkun takardu za a hana ka shiga, kuɗinka kuma ya tafi. Yawancin kamfanoni suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar da tafiyar za ta ƙare.

Na uku, tsayuwar jadawali. Mutane kaɗan ne ke karanta yarjejeniyar da ke tare da tikiti, alhali a ciki aka rubuta cewa kyaftin yana da ikon sauya tasha ko tsallake ta saboda iska ko tsaro, ba tare da an biya diyya ba in ban da kuɗin tashar da ba a shiga ba. Saboda haka kafin ka biya kafin alƙalami, ka tambayi kanka: idan garin da na fi ɗoki ya faɗi daga jadawali, sauran tafiyar za ta ishe ni?

Na huɗu shi ne haɗari, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya ba tare da tsoratarwa ba. Nutsewar babban jirgin fasinja abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, wanda ya ci rayuka 32, shi ya sa aka tsananta doka, yanzu dole a yi wa fasinjoji atisayen ceto kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Ka halarci wannan atisaye da hankalinka, ka san wurin taruwarka. Abubuwan da suka fi samun matafiya ƙanana ne amma masu ɓata hutu: jiri da tashin zuciya idan teku ya motsa, cutar amai da gudawa mai saurin yaɗuwa a cunkoso (wanke hannu da sabulu ya fi man goge hannu tasiri a kanta), kuɗin asibitin jirgi mai tsada, da kuma jirgi ya tafi ya bar mutum a tasha. Mace mai cikin da ya kai mako 24 yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar ta, haka ma jaririn da bai kai wata shida ba.

Bahar Rum

Wannan ita ce hanyar mai son ganin gari. A mako guda jirgi zai iya tsayawa a Basalona, Marseille, Genoa, tashar da ke kusa da Roma, Naples da Valletta ta Malta, ko kuma ta gabas ya bi Atens, tsibiran Girka, gaɓar Turkiyya da Kuroshiya. Kusan kowace safiya gari daban, kuma sau da yawa rana ɗaya tak ce jirgi ke wuni a tsakiyar ruwa.

Ta fuskar kuɗi, tikitin kansa yana cikin masu sauƙi, domin jirage sun yi yawa a wannan teku kuma gasa ta yi zafi, musamman tsakanin MSC da Costa. Wani alherin waɗannan kamfanoni biyu shi ne jiragensu na ɗaukar fasinja a tashoshi da dama na zagaye guda, don haka kana iya zaɓar garin da jirgin sama ya fi araha zuwa can. Amma kuɗin da ka tsira da shi a tikiti, a ƙasa zai fita. Kowace rana akwai mota ko jirgin ƙasa, kuɗin shiga wuraren tarihi, abincin rana a gari alhali ka riga ka biya na jirgi. Tun daga 2025 Girka ma ta sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan da ya sauka tsibirin Santorini ko na Mykonos a tsakiyar bazara.

Inda ake yawan yaudaruwa shi ne sunayen garuruwa. Jadawali zai ce Roma, amma jirgin a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu zuwa, haka kuma dawowa. Idan ya ce Florence, Livorno ake nufi, sa'a ɗaya da rabi a mota. Benis ta fi duka: tun 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 a ma'aunin girman jirage ratsa tsakiyar birnin, sai ga shi yanzu da yawa suna tsayawa a Marghera, Trieste ko Ravenna, wasunsu tafiyar sa'a biyu daga Benis ɗin. A gefe guda akwai tashoshin da ke hutar da mutum: a Naples da Valletta kana sauka kana cikin gari, Pompeii kuma, tsohon birnin da dutse mai aman wuta ya binne, ba ta wuce kilomita 25 daga Naples ba. A Santorini jirgi ba ya matsowa gaɓa. Ƙananan jiragen jigila ne ke kwasar mutane, sannan a hau dutse ta motar da igiyar ƙarfe ke ja, ko a taka matakala kusan 600. Ranar da manyan jirage huɗu ko biyar suka haɗu a can, layin saukowa kaɗai zai iya cinye sa'a guda. Wanda ke tafe da tsoho ko mai ciwon gwiwa ya duba wannan da kyau.

Biza ta Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da dama, ita ce ke buɗe yawancin hanyar, amma a lura: idan jirgi zai leƙa Turkiyya, Montenegro ko Tunisiya sannan ya dawo, ana buƙatar biza mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya.

Jadawalin Bahar Rum ya fi na sauran biyun tsayuwa. Teku ne da ƙasa ta kewaye, kuma da bazara yawanci a kwance yake. Akwai dai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa a tekun Girka a Yuli da Agusta, wadda takan hana jirgi tsayawa a Mykonos, da wata makamanciyarta a kudancin Faransa. Babban abokin gaba a nan zafi ne da cunkoso. A Yuli da Agusta Atens takan haura digiri 35, har hukumomi sun sha rufe Acropolis, shahararren wurin tarihin birnin, da tsakar rana a shekarun baya-bayan nan. Ni a ganina wanda ke da ikon zaɓar lokaci ya ɗauki Mayu, farkon Yuni, ƙarshen Satumba ko Oktoba. Rana ta yi sauƙi, farashi ya sauko, layuka sun ragu.

Haɗarin da ya fi kusa da matafiyi a wannan hanya shi ne makara. Na taɓa tsayawa a saman jirgi ina kallon wasu mutum biyu suna sheƙa gudu a kan dandamalin tasha, jakunkuna a hannu, alhali an riga an janye tsani an kwance igiyoyi. Har yau ina tuna yadda matar ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita a rangadin da kamfanin ya shirya, amma wanda ya fita da kansa ba a jiransa, kuma kuɗin riskar jirgin a tasha ta gaba daga aljihunsa zai fito. Don haka a wurare masu nisa kamar Roma da Florence rangadin kamfani, duk da tsadarsa, yana sayo kwanciyar hankali. A garuruwan da ke bakin tasha kuwa babu dalilin biyansa. Ka kuma tsare aljihunka a Basalona, Roma da Naples, 'yan sane sun san lokacin da jirage ke sauke mutane.

Karibiyan

A nan lissafin ya juya. Yawancin jirage daga jihar Fulorida ta Amurka suke tashi, daga Mayami, Fort Lauderdale ko Port Canaveral, kuma a nan ne ake samun jirage mafiya girma a duniya. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Irin waɗannan jirage gari ne guda: wuraren ninƙaya, wuraren wasan yara, dandalin wasanni, gidajen abinci barkatai. A tafiyar kwana bakwai, kwana biyu ko uku a ruwa za a wuni, kuma da gangan aka tsara haka.

Saboda wannan, tambayar da ta dace a Karibiyan ita ce wane jirgi, kafin a zo ga wane tsibiri. Tsibiran suna da kyau ƙwarai, farin yashi da ruwa garau, amma tashoshin da manyan jirage ke zuwa, irin su Nassau, Cozumel da St. Thomas, sun yi kama da juna: shagunan tsaraba, gaɓa, kwale-kwalen kai mutane kallon kifi. Kamfanoni da dama ma suna da tsibiransu na kansu a Bahamas, kamar CocoCay na Royal Caribbean da Ocean Cay na MSC, inda abincin rana ke cikin kuɗin tikiti. Mai neman tsohon tarihi zai samu a San Juan ko Willemstad, amma ba da yawan na Bahar Rum ba.

Farashi yana da faɗi sosai. Tsohon jirgi a watan Satumba na iya zama mafi arahar hutun ruwa da za a samu, sabon ƙaton jirgi kuma a makon Kirsimeti ko sabuwar shekara na iya ninka wannan sau uku ko fiye. Kuɗin da ba a zata ba a cikin jirgi yake fita: abin sha, hotuna, gidajen abinci na musamman, kujerar gaɓa. An ƙware wajen tallar waɗannan, kuma tunda da katin ɗaki ake biya, hannu ba ya jin fitar kuɗi sai daren ƙarshe. Duba asusunka kowace rana a manhajar jirgin.

Wajen sauƙin jiki babu kamarta. Ba a tashin asuba don kamo jirgin ƙasa, yara suna da masu kula da su, tsoho yana iya wuni a inuwa bai taka ƙasa ba. Wajen takardu kuwa ita ce mafi wuya ga wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Amurka, kuma dole ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, tunda jirgin zai fita ya dawo. Akwai jiragen da ke tashi daga Barbados, amma a duba ko jadawalinsu ya haɗa da Puerto Rico ko St. Thomas, domin waɗannan ƙasar Amurka ce.

Rauninta shi ne guguwa. Lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Jirgi ba ya shiga cikin guguwa, kauce mata yake yi, don haka abin da ke cikin haɗari jadawali ne: ka sayi tafiyar gabas a kai ka yamma, ko a rufe tashar Fulorida jirgi ya makara da kwana ɗaya ko biyu, tikitin jirgin samanka ya ƙone. Arahar waɗannan watanni ba banza ba. Daga Disamba zuwa Afrilu ne yanayi ya fi daidaita. Tsibiran kudu, Aruba, Curaçao da Bonaire, guguwa ba ta cika bi ta kansu ba.

Gargaɗi ɗaya ga mai son natsuwa: gajerun tafiye-tafiye na kwana uku ko huɗu zuwa Bahamas, musamman a ƙarshen mako da kuma watan Maris lokacin hutun ɗaliban jami'o'in Amurka, sun yi suna wajen kiɗa, shaye-shaye da hayaniya har tsakar dare. Mai iyali ya nemi ta kwana bakwai.

Mashigan tekun Norwe

Fiyod, kamar yadda mutanen can ke kiransa, wani dogon hannun teku ne da ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi, a kwarin da ƙanƙara ta sassaƙe tun dubban shekaru. Sognefjord, mafi tsawo a Norwe, ya haura kilomita 200, zurfinsa kuma ya wuce mita 1,300. Geirangerfjord da Nærøyfjord sun shiga jerin wuraren gado na duniya na UNESCO a 2005. Jirgi yakan shiga da sassafe yana tafiya a hankali, dutse a dama dutse a hagu, ruwa na zubowa daga sama, gonaki 'yan ƙanana maƙale a jikin tsauni. A cikin ukun nan, wannan ce tafiyar da ba za a iya yin irinta ta mota ko jirgin sama ba, kuma shi ya sa na fi ƙaunarta.

Ita ce kuma mafi tsada idan an haɗa komai. Lokacinta gajere ne, daga Mayu zuwa Satumba, don haka tikiti ba ya faɗuwa sosai. Norwe tana cikin ƙasashe mafiya tsadar rayuwa, kofi ɗaya da ɗan burodi a gari ya isa ya nuna maka haka. Dabarar ita ce a ci a jirgi, a ware kuɗi don abu ɗaya ko biyu masu daraja, kamar jirgin ƙasan Flåm, wanda a tafiyar kilomita 20 yake hawa sama da mita 860 cikin kusan sa'a guda. Tikitinsa yana ƙarewa da wuri a ranakun da jirage suka iso, a saya tun kafin tafiya. Sauran kuwa kyauta ne: a Bergen, Ålesund, Stavanger, Flåm da Geiranger jirgi yana tsayawa a gari ko daf da shi, ƙafa ta isa.

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen. Idan jirgin daga Kiel, Hamburg ko Kopanhagen zai tashi, biza ɗaya ta wadatar. Idan daga Southampton ne, sai an haɗa da ta Birtaniya, kuma ta Shengen ɗin na nan daram.

Yanayi shi ne cacar wannan hanya. Bergen tana samun ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara, kuma ko a Yuli zafi yakan tsaya tsakanin digiri 12 zuwa 20. Hazo zai iya rufe dutsen da ka zo gani. Rigar ruwa mai hula da tufafin da ake sawa ɗaya kan ɗaya sun fi babbar riga guda amfani. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama, kuma lokacin ne ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa, magangaran ruwa suke cika. A cikin fiyod ruwa lumus yake kamar tafki, amma kafin a kai can dole a ƙetare Tekun Arewa, wanda ba shi da alƙawari. Mai saurin jiri ya tanadi magani tun daga gida, ya sha kafin jirgi ya fara rawa. Gaɓar Norwe da hunturu ba wasa ba ce: a watan Maris na 2019 injinan jirgin Viking Sky suka tsaya cikin hadari a Hustadvika, aka kwashe mutane kusan 480 da jirage masu saukar ungulu kafin a shawo kan lamarin. Ba wanda ya nutse, amma darasi ne ga mai sha'awar tafiyar hunturu don kallon hasken nan mai launi da ke bayyana a sararin arewa.

Akwai wata hanya ta daban ga wanda ƙaton jirgi bai dame shi ba. Tun 1893 jiragen Hurtigruten ke bin gaɓar Norwe suna kai saƙo da fasinja, yanzu kuma kamfanin Havila ma yana bin hanyar. Daga Bergen zuwa Kirkenes, can ƙuryar arewacin ƙasar, tashoshi 34 ne, zuwa da dawowa dare 11. Babu gidan wasa, babu hayaniya, wasu tashoshin minti goma sha biyar kacal ake tsayawa. Hanyar ta ƙetare zuwa yankin da rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazara.

| Ma'auni | Bahar Rum | Karibiyan | Norwe |
|---|---|---|---|
| Kuɗin tikiti | Mai sauƙi zuwa matsakaici | Daga araha zuwa tsada ƙwarai | Matsakaici zuwa tsada |
| Inda ƙarin kuɗi ke fita | A gari | A cikin jirgi | A gari da zaɓin ɗaki |
| Lokaci mafi kyau | Mayu, Yuni, Satumba, Oktoba | Disamba zuwa Afrilu | Mayu zuwa Agusta |
| Biza | Shengen | Yawanci ta Amurka | Shengen, wani lokaci da ta Birtaniya |
| Gajiya | Da yawa | Kaɗan | Matsakaiciya |
| Tsayuwar jadawali | Mai ƙarfi | Mai rauni a lokacin guguwa | Matsakaiciya |
| Babban haɗari | Zafi, makara, 'yan sane | Guguwa, kashe kuɗi | Ruwan sama, jiri |

Ɗakin da ya dace da kowace hanya

Zaɓin ɗaki yana bin zaɓin teku. Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai tagar da ba ta buɗewa, sai mai baranda. A Bahar Rum za ka fita da safe ka dawo da yamma a gajiye, jirgi kuma da dare yake tafiya, don haka kuɗin baranda gara a kashe shi a gari. A Karibiyan baranda tana da daɗi a ranakun da ake wuni a ruwa, tana kuma ba mutum mafaka daga cunkoso. A Norwe ce ta fi cancantar kuɗinta, ko da yake wanda bai da hali bai yi asara ba, domin saman jirgi na kowa ne kuma daga can ake ganin ɓangarorin biyu. Ɗakin ciki ma yana da nasa amfani a can: duhu, a ƙasar da dare ba ya yin duhu da bazara.

Ko'ina za ka, ɗakin da ke tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa ya fi ƙarancin jijjiga. Ka duba taswirar jirgin ka guji wanda ke ƙarƙashin wurin ninƙaya, ɗakin girki ko gidan rawa. Ka iso garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jinkirin jirgin sama na sa'a uku ya isa ya cinye hutun gaba ɗaya. Da zarar an bar gaɓa ka kashe layin wayarka, don a tsakiyar teku ta tauraron ɗan Adam yake bi, kuɗinsa kuma na fitar hankali ne. Mai buƙatar abinci na musamman, saboda lafiya ko addini, ya sanar da kamfani makonni kafin tafiya. Inshora kuma ta zama wadda ta ambaci jinya a jirgi da kwashe marar lafiya daga teku.

Wa ya dace da wace

Idan kai mai ƙafa ne, kana son tarihi da gine-gine, kuma burinka ka ga ƙasashe uku ko huɗu ba tare da kwance jaka kullum ba, ɗauki Bahar Rum a Mayu ko Oktoba, a ɗakin ciki, ka bar wa kanka rana ɗaya da ba za ka sauka ba don ka huta. Haka ma wanda ke tsoron jiri kuma yake so ya gwada kansa: yammacin Bahar Rum a farkon bazara ne wurin gwaji mafi sauƙi.

Idan tafiyar ta iyali ce, da yara da kakanni, kowa da abin da yake so, kuma bizar Amurka ba matsala ba ce, babban jirgi a Karibiyan tsakanin Janairu da Afrilu ya fi biyan buƙata, da sharaɗin a yanke tun farko nawa za a kashe a cikin jirgi. Mai ƙaramin aljihu da zai iya jure sauyin jadawali yana iya gwada Satumba ko Oktoba, amma da inshora da tikitin jirgin sama mai karɓar canji.

Ma'aurata ko dattawan da suka gaji da hayaniya, masu son zama shiru suna kallon halitta, Norwe ce tasu a Yuni, a matsakaicin jirgi, da baranda in hali ya yi. A tabbatar jadawalin ya shiga can cikin fiyod, Geiranger, Flåm ko Olden, domin akwai masu arahar da garuruwan bakin gaɓa kawai suke bi. Wanda kuwa zai tafi shi kaɗai, kuma ƙasar ce ta dame shi fiye da shagalin jirgi, ya duba jiragen gaɓa na Bergen zuwa Kirkenes, inda ake iya sayen rabin hanya, dare shida zuwa arewa, a dawo ta jirgin sama.